Kurege ya hana tsuntsaye cin abinci a bayan gida, wane mazubi zan saya?

Wata 'yar uwa da ke zaune a Kolambos ta jihar Ohayo a Amurka ta turo min tambaya. Ta ce sun tare a gida mai ɗan fili a baya, ta rataya mazubin abincin tsuntsaye a reshen bishiya dan yara su riƙa kallo ta tagar kicin, amma kurege ya hana su sakat, mazubi biyu na roba ya farfasa cikin wata ɗaya, buhun abincin kuma kamar da kwano ake ɗiba. Maigida har ya fara cewa a haƙura asarar kuɗi ce kawai. Wanne za ta saya wanda kurege ba ya iyawa da shi?

Wa alaikumus salam maman yara, sannu da fama. Na yi dariya da na karanta saƙonki dan nima haka na fara, shekarata 11 ina zuba wa tsuntsaye abinci a jihar Merilan, kuma na ɗan yi aikin ƙarshen mako na wasu shekaru a wani shago da ba abin da yake sayarwa sai kayan tsuntsaye, to kusan duk wanda ya shigo shagon nan da ɓacin rai a fuska kafin ya buɗe baki mun san zancen kurege zai yi. Abin da nake gaya musu shi zan gaya miki, kuma da yawa basa son jin sa saboda sun zo ne da niyyar sayen abu ɗaya su huta: inda kika ajiye mazubin ya fi irin mazubin muhimmanci. Mazubin dala 15 a wurin da ya dace ya fi na dala 100 a wurin da bai dace ba. Ke kuma kin rataya naki a reshen bishiya, wato kin kai wa kurege tuwo har ɗakinsa.

Ki fara sanin wanda kike faɗa da shi. Wannan ba kuregen gida ba ne da muka sani, wanda yake haƙa rami a gona ya tone gyaɗa, in ya hango mutum ya ɗaga jela ya shige rami. Na nan, mai ruwan tokan nan da ya cika gabashin Amurka, ɗan bishiya ne, a sama yake kwana a sama yake haihuwa. Nauyinsa bai fi rabin kilo ba ko ɗan sama da haka, amma idon sawun ƙafarsa ta baya yana juyawa baya gaba ɗaya, shi ya sa kike ganin yana sauko wa daga bishiya kai a ƙasa kamar ba komai, kuma shi ya sa yake iya maƙale rufin mazubi da ƙafar baya ya reto jikinsa ƙasa ya riƙa ɗiba da hannu biyu. Na taɓa zama da kofin shayi ina kallon wani ya yi kusan minti 20 a haka, kai a ƙasa, yana ɓare sanfulawa, wato irin furen nan mai bin rana da ake zuba wa tsuntsaye, ɗaya bayan ɗaya yana tofar da ɓawon, wani jan tsuntsu na zaune a katanga yana jiran ya gama. Sannan haƙoransa na gaba basa daina tsiro har ya mutu, dole sai yana gwaguyar abu mai tauri, to roba da katako a wurinsa kamar rake ne. Mazuban da ya fasa miki ba wai marasa kyau kika saya ba, duk na roba haka zai yi musu.

Masu wannan harka suna da wani lissafi da suke cewa 5, 7, 9. Ma'ana daga ƙasa kurege na iya tsallen sama kamar ƙafa 5, daga gefe kamar ƙafa 7, daga sama kuma yana iya dirowa ƙafa 9. Ni a abin da na gani 7 ɗin nan ya yi kaɗan, in ya samu gudu a kan katanga ko ya diro daga wuri mai ɗan tudu yana wuce haka, shi ya sa nake cewa mutane su ɗauki ƙafa 10 daga komai, bishiya, katanga, rufin gareji, dek wato barandar katakon nan ta bayan gida, kujerar lambu, har tukunyar fulawa babba, duk abin da zai iya taka wa ya yi tsalle. To ki fita da tef ki auna. Kina buƙatar wuri guda da in kika tsaya a tsakiya ba abin da ke kusa da ke ƙafa 10 ta kowane ɓangare, kuma in kika ɗaga kai ba reshe ko wayar wuta a samanki. In kin samu wannan wurin, aiki ya kusa ƙarewa.

A nan za ki kafa fol na ƙarfe, mai tsayin da mazubin zai tsaya aƙalla ƙafa 5 zuwa 6 daga ƙasa bayan an binne gindin, sai ki sa masa abin da ake kira bafil. Bafil wani ƙarfe ne da ake maƙalawa a jikin fol ɗin ƙasa da mazubin, akwai mai kamar malafa akwai mai kamar bututun hayaƙi da samansa ke rufe, ni na bututun na fi so. Kurege zai hau fol, ya shiga cikin bututun, kansa ya bugi rufi, ya sauko. In ya gwada ta waje kuma ƙarfen santsi ne da shi kuma lilo yake yi, ba wurin da farce zai kama. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sa bafil ɗin ƙasa da yawa, saman bafil ya kamata ya kai ƙafa 4 da rabi zuwa 5 daga ƙasa, in ba haka ba zai yi tsalle ya dira a kansa ya mai da shi matakala. Kuma tunda Ohayo kike ki tuna da dusar ƙanƙara, in ta taru ƙafa ɗaya a gindin fol to kin rage wa kanki ƙafa ɗaya ke nan, ki riƙa share gindin. In akwai rakun a unguwarku, dabbar nan mai yawon dare da ta fi kurege girma, kuma da wuya a ce babu, ki sayi babban bafil ɗin da aka yi dan shi, ya fi faɗi ya fi tsayi, dan rakun rungumar ƙaramin yake yi ya haye da dare, da safe ki tarar da mazubi a ƙasa ki ɗora wa kurege laifin da ba nasa ba.

Da fol da bafil a wurin da ya dace, kowane irin mazubi kika ga dama ki rataya, har na robar ma. Wannan ita ce amsata ta farko kuma ita ce mafi arha in aka yi lissafin shekara biyu.

Amma na san gidajen nan, galibi filin baya ɗan tsurut ne, katanga hagu katanga dama bishiyar maƙwabci ta leƙo ta sama, ƙafa 10 ta kowane gefe ba ta samuwa. In naki haka yake to sai mu zo kan mazubin kansa, kuma kala uku ne suke da amfani, sauran duk ado ne.

Na farko kuma wanda nake ba yawancin mutane shawara shi ne mai rufewa da nauyi. Cikinsa bututu ne, wajensa kuma riga ce ta ƙarfe da ke rataye a kan sifirin. Tsuntsu in ya sauka ba shi da nauyin da zai motsa ta, amma da kurege ya ɗora jikinsa sai rigar ta zame ƙasa ta toshe ƙofofin abincin, yana sauka ta koma. Ba batir ba wuta, ba ya jin ciwo, kawai ya rasa. Wanda ya fi suna shi ne Squirrel Buster na kamfanin Brome da ke Kebek a Kanada, suna da ƙanana da manya, ƙananan za ki samu a wajen dala 40 zuwa 60, babban yakan kai 100 ko ya ɗan haura. Wasu daga cikinsu ana iya ƙara ko rage ƙarfin sifirin ɗin, wannan yana da amfani in manyan baƙaƙen tsuntsayen nan masu zuwa garke guda suka dame ki, sai ki sassauta shi ya riƙa rufe musu su ma. Akwai na wasu kamfanoni masu siffar ɗan gida na ƙarfe da sandar tsayawa ce ke sauka ta rufe bakin, su ma suna aiki, sai dai ki duba murfin sama da kyau ki tabbata kulle yake yi ba ɗorawa kawai ake yi ba, dan kurege na koyon ɗaga murfi.

Ga inda mutane ke faɗuwa da shi. Wata rana wani dattijo Bature ya dawo mana da nasa shago ransa a ɓace, wai mun sayar masa da ƙarya, kurege na ci kamar da. Muka gwada sifirin lafiya lau. Na ce ya nuna min hoton inda ya rataya, ya zaro waya, sai ga mazubin a rataye dab da dogarin katakon dek ɗinsa, tazarar ba ta fi tsayin tafin hannu biyu ba. Kuregen sai ya kafa ƙafafun baya a kan katakon ya miƙa jiki ya riƙa ɗiba da hannu, nauyinsa duk yana kan dek, ko kaɗan bai hau mazubin ba, to da me zai rufe? Kamfanin da kansa ya rubuta a bar tazarar inci 18 ta kowane gefe, dan dole sai kuregen ya saki inda yake ya hau mazubin gaba ɗaya kafin dabarar ta yi aiki. Muka sayar masa da ɗan ƙarfen rataya mai dogon hannu, ba mu sake ganinsa ba sai in ya zo sayen abinci. Haka ma in a fol mai lanƙwasa kamar sandar makiyayi za ki rataya, ki duba hannun ya yi nisa da jikin fol ɗin. Abin daɗin shi ne wannan kalar za ki iya barin sa a bishiyar taki ma, muddin igiyar ta waya ce ko sarƙa, kuma ya yi nisa da kututture da sauran rassa.

Na biyu mai keji. Bututun abinci a tsakiya, kejin waya a kewaye, ramukan kamar inci ɗaya da rabi, ƙananan tsuntsaye su shige su ci, kurege ya tsaya a waje. Yana aiki, amma ki san abin da za ki rasa: kadinal, jan tsuntsun nan mai tukku da yara suka fi so, wanda ma shi ne tsuntsun jihar Ohayo, ba ya shiga, shuɗin bulu-je ma haka, sai su cikadi da golfinc da makamantansu. Kuma ki duba tazarar da ke tsakanin keji da bututun, masu arha kejin yana manne da bututun, kurege ya zura hannu ya ɗiba ko ya girgiza ya zubo. Ɗan ƙaramin mai zane a baya da ake ce wa cifmonk shi kam shigewa yake yi abinsa, yaran kurege ma wani lokaci.

Na uku mai mota, irin su Yankee Flipper na Droll Yankees, zoben da tsuntsu ke tsayawa a kai yana haɗe da mota mai batir, kurege na hawa sai ya fara juyawa ya wurgar da shi. Yara za su yi dariya har su faɗi, ba ƙarya, amma tsada gare shi, sai ana cajin batir, kuma ranar da caji ya ƙare ya zama mazubi kamar kowanne. Ni ban ga dalili ba sai dai in nishaɗin kike so.

Wanda za ki guje wa: duk abin da aka rubuta wa "maganin kurege" a kwali amma ƙofofin abincin ko murfin ko abin ratayar roba ce. Ki taɓa da hannu a shago. Duk wurin da haƙori zai iya kaiwa ya zama ƙarfe. Rumfar nan ta roba mai kamar lema da ake sa wa a saman mazubi tana taimakawa in daga sama kawai yake sauko wa, amma sai babba sosai, kuma ba ta hana tsalle daga gefe.

Yanzu abincin kansa, dan shi ma rabin matsalar ne. Baƙar sanfulawa ita ce tsuntsaye suka fi so, ita ce kuma kurege ya fi so, sai gyaɗa da masara. Akwai wani farin iri da ake kira saflawa, ɗaci-ɗaci gare shi, kadinal da kurciya da cikadi suna ci, kurege kuma yawanci ba ya so, na ce yawanci dan na ga wanda yunwar Janairu ta sa ya ci ya ƙoshi. Sai Nyjer, ɗan siririn baƙin iri da golfinc ke mutuwar so, kurege bai damu da shi ba. Da can sunansa Niger ake rubutawa, irin yadda ake rubuta sunan ƙasar Nijar da Turanci, har na zaci daga wajenmu ake kawo shi, ashe asalinsa Habasha ne, can suna matse mai da shi, daga can da Indiya ake shigo da shi kuma sai an gasa shi da zafi kafin ya shigo dan kar wani iri ya tsiro. Yana saurin bushewa ya lalace, ki sayi kaɗan kaɗan.

Buhun gauraye mai arha na babban kanti kuwa ki juya bayansa ki karanta. In kika ga milo a farko ki ajiye. Milo ɗin nan ba komai ba ne illa dawa, jar dawa, ranar da na fara zuba ta a tafin hannu na tsaya ina kallo ina tuna yadda muke yini a gona da gwangwani da majajjawa muna korar tsuntsu daga kan dawa, yau ga ni na sa dala na saye ta dan in ba tsuntsu, kuma abin haushi tsuntsayen gabashin nan yawancinsu basa ci, watso ta suke yi ƙasa suna neman sanfulawa. Abin da ya zube ƙasan nan shi ke tara kurege, kuma shi ke jawo ɓera, wanda ya fi kurege zama matsala, dan in maƙwabta suka fara ganin ɓera ƙara za su kai. Sanfulawar da aka ɓare ta fi tsada amma ba ɓawo ba shara. In gidan haya kike ko unguwa mai ƙungiyar masu gidaje ki duba takardarsu tukuna, wasu sun hana ma gaba ɗaya.

Sai zancen barkono, nasan wani zai ce miki ki barbaɗa yaji. Akwai gaskiya a ciki, tsuntsu ba ya jin zafin barkono kamar yadda mu da dabbobi masu shayarwa muke ji, masu bincike a jami'ar Konel sun gwada iri mai barkono sun ga kurege ya rage zama a kai. Ana sayar da wanda aka riga aka jiƙa da man barkono, da dunƙulen kitse mai barkono na maƙwaƙƙwafi, wannan na kitsen yana aiki sosai. Amma garin barkonon kicin ruwan sama ɗaya ya wanke shi, iska kuma ta kwaso shi ta zuba miki a ido lokacin zubawa, kuma da yara a gida masu son su taya ki cika mazubi ni ba zan so ba. In za ki yi ki sa safar hannu. Abin da zan roƙe ki kar ki yi shi ne shafa wa fol man girki ko basilin ko giris, ana yaɗa bidiyon kurege na zamewa ana dariya, amma man nan yana manne wa gashinsa da gashin tsuntsu, a sanyin Ohayo kuma gashin da ya jiƙe da mai ba ya riƙe ɗumi. Guba da tarkon danƙo ma ba a maganarsu.

Kamawa a kai shi nesa ma ɓata lokaci ne. Sau biyu suke haihuwa a shekara, kin ɗauke ɗaya sati biyu wani ya gaji wurin, kuma kowace jiha da dokarta, a Masacuset misali haramun ne ma ka kama naman daji ka sake shi a wani wuri. Wasu kuma suna cewa a ware wa kurege nasa kwanon masara a can ƙarshen fili dan ya bar na tsuntsaye, na gwada shekara ɗaya, da uku nake da su na koma bakwai.

Abu biyu da ba ki tambaya ba amma za su zo miki. Lokacin saye ki duba mazubin yana kwancewa cikin sauƙi ba sai da sukundireba ba, saboda dole ki riƙa wanke shi kamar duk sati biyu, bilic kashi 1 ruwa kashi 9, a ɗauraye a bari ya bushe sarai kafin a zuba sabon abinci, iri mai danshi yana fumfuna kuma tsuntsaye na ɗaukar cuta a wurin cin abinci, a hunturun 2020 zuwa 2021 an yi ɓarkewar cutar salmonela a tsakanin tsuntsaye har aka ce mutane a wasu jihohi su sauke mazubansu. In kika ga tsuntsu ya kumbura gashi ya zauna shiru ba ya gudu, sauke ki wanke ki bar shi sati biyu. Na biyu taga, tunda ta kicin kuke kallo: ko dai mazubin ya kasance dab da gilashi cikin ƙafa 3, ko ya yi nisa sosai kamar ƙafa 30, dan a tsakanin nan ne in shaho ya kawo farmaki suke tashi a firgice su daki gilashi da ƙarfi. In filin bai kai ba sai ki manna wa tagar ta waje sitika mai ɗigo-ɗigo da ake sayarwa dan tsuntsu ya gane gilashi ne. Buhun abincin kuma ki zuba a bokitin ƙarfe mai murfi, na roba a gareji kwana kaɗan zai huda shi.

To a taƙaice ga naki gidan, kar ki sayi komai yau. Ki ba maigida bakin tef ya riƙe ku auna filin tare. In an samu ƙafa 10, fol da bafil na bututu, ki sayi mazubi mai sauƙin kuɗi. In ba a samu ba, mai rufewa da nauyi matsakaici wanda kadinal zai iya tsayawa a kai, a rataye shi da waya inci 18 daga komai, ki fara da rabin sanfulawa rabin saflawa. Kwana uku huɗu na farko za ki ga kuregen yana ta hawa yana sauka yana cizon ƙarfe yana karkaɗa jela, ki bar shi, daga baya zai koma tsintar abin da ya faɗo ƙasa tare da kurciyoyi. In kin auna ki turo min faɗi da tsayin filin da inda bishiyar take sai in nuna miki daidai inda za a kafa fol ɗin. A gaida yara.